Kifin Ranar Talata

Dokunu, tuwon masarar nan da ake ƙunshewa a ganye, shi kawai aka aiki Ekuwa ta sayo fa. Wai mutum ya tara abokai gashi a bakin teku, ya kinkimo sifika mai girman akwatin gawa tun daga Akra, amma ya manta abin da za a ci naman da shi. To Fiifi kenan, ɗan innarta. Ko shekara bai cika a Akra ba yana tallar murfin waya, ya dawo garinmu yana toshe hanci wai ƙarnin kifi na damunsa. Mutumin da aka yaye da kifin banda.

Da don ta ita ce, ba za ta je ba. Innar ce ta roƙe ta. "Ki bi shi, Ekuwa. Shi kaɗai teku ya bar min, kuma kin san ba kai gare shi ba."

Ta dawo da dokunun a leda, rana ta riga ta yi ja. Talata ce, ranar da teku ke hutawa, kwalekwale duk an jawo su kan yashi an lulluɓe da taru. Ba masunci ko ɗaya. Su huɗu ne a wurin: ita, da Fiifi, da abokinsa Kwamena, sai Esi budurwar Kwamena. A kan ragar gashi kuwa, wasu fukafukan kaza ne na firij, sun ƙone sun yi baƙi kamar tayar keke.

"Ɗan Akra, ina akuyar da ka ce za ka yanka?" in ji Ekuwa.

"Tana hanya."

"Da ƙafarta take tahowa?"

Esi ta tuntsire da dariya har lemo ya sarƙe ta. Fiifi ya gyara sarƙar wuyansa, wadda ta fara koɗewa tun shekaranjiya, ya ce matsalar 'yan ƙauye kenan, ciki kawai suka sani. Ekuwa ta ja tsaki ta zauna a gefen wani kwalekwale, ta ƙudura ko loma ɗaya ba za ta ci a bikin wannan sakaran ba.

Ana haka sai ga wata mata da daro a ka.

Ba daga gari ta fito ba. Ta wajen duwatsu ta ɓullo, inda ba hanya sai ruwa. Doguwa ce, ta manyanta, zaninta a jiƙe sharkaf. Ta sauke daron a gabansu ba sallama. Kifi ne guda ɗaya a ciki, ja, tsawonsa ya kai hannun mutum. Bakinsa na buɗewa yana rufewa.

Idon Fiifi ya kawo wuta. Ga abin da zai wanke masa kunya ya zo har gida. "Mama, nawa?"

"Ku ci tukuna," in ji matar. Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai mura.

Ekuwa ta miƙe. "Fiifi. Yau Talata."

"To sai me?"

"Jirgin uban wa ya fita yau?"

"Na jiya ne, a firij ya kwana."

"Kifin firij ne ke motsa baki?"

Kwamena ya sosa ƙeya. Shi ma a bakin ruwan nan ya girma, ya san abin da take nufi. Ya ce a hankali, "Mutumina, bar shi. Kazar ma ta isa."

Ai kamar an zuba wa Fiifi fetur. Ya ce dubi ƙaton banza yana tsoron ranar mako. Ya ce a Akra har Talata ake cin kifi a otal da cokali mai yatsu, ba wanda ya mutu. Ya miƙa wa Esi waya ta ɗauke shi bidiyo, ya fizgo kifin ta wutsiya ya maka a kan wuta, ko cikinsa bai fasa ba don bai iya ba.

Da suka waiga, ba matar, ba daron.

Kifin bai yi maiƙo ba. Ruwa yake ɗiga, gawayin yana cuu, cuu, amma wutar ba ta mutu ba. Ƙamshin gashi ma babu. Wani wari ne ke tashi, irin na taɓon da ƙugiyar jirgi ke ɗagowa daga can ƙasa. Esi ta sauke wayar. Kwamena ya ja baya da kujerarsa.

Fiifi ya yage tsoka, ya dangwala a yajin shito, ya kai baki yana kallon Ekuwa. Ya ƙara. Ya ƙara. Sai da ya cinye gefe guda tas.

"Kin gani? Na mutu?"

"Da an huta," in ji ta.

Ya yi dariya, sai dariyar ta maƙale. Ya taɓa maƙogwaro. Ya ɗauki ruwan leda ya tsotse, ya jefar, ya ɗauki wani. Ya shanye na cikin kular kaf. Ya ɗaga kular kanta ya kafa kai, ruwan ƙanƙara na bin rigar da ya ce daga waje aka kawo masa.

"Ƙishi," ya ce.

Sifikar ta ɗauke da kanta.

A nan ne Ekuwa ta lura teku ma ya yi shiru. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin haka ba. Ruwan ya kwanta lumui kamar man ja a kwano. Har ƙarar gawayi take ji.

Fiifi ya cire farin takalminsa, ya jera su a hankali. Ya nufi ruwa.

"Kai, ina za ka?" in ji Ekuwa.

"Zan ɗan sha ne."

Matar tana can. Ruwa iya ƙugunta, ta riƙe daron da hannu biyu ta miƙo gaba. Ba komai a ciki.

"Daro ba ya komawa wayam," ta ce. Tana nesa, amma kamar a kunnen Ekuwa ta raɗa.

Esi ta zube a yashi tana karanto addu'ar coci. Ekuwa ta suri ragowar kifin daga kan wuta da hannu, ko zafin ba ta ji ba, ta ruga. Ruwa ya kai Fiifi gwiwa, ya duƙa yana kamfata da tafi yana sha. Ta wuce shi ta cilla kifin. Ya faɗa cikin daron, tim.

Matar ta sunkuya ta duba.

"Rabi ne."

Ta tako taku ɗaya. Ruwan bai motsa ba.

Ekuwa ta cafki sarƙar Fiifi, ta tsinke a hannunta. Kayan banza. Ta damƙi wuyan rigarsa. Nauyinsa ya zama kamar na taru cike da kifi.

"Kwamena, in kai namiji ne zo."

Ya zo ya rungumo ƙugun Fiifi. Ekuwa ta matse masa muƙamuƙi ta zura yatsu biyu har maƙogwaro. Ya cije ta. Ba ta cire ba.

Ya kelaya amai. Farar tsoka ce, guntu-guntu, ko alamar tauna babu. Guntayen suka bi saman ruwa a jere, suka nufi daron.

Matar ta matso. Warin taɓon nan ya cika hancin Ekuwa. Idanun matar ba sa ƙiftawa, zagayayyu, ba fatar ido.

Ta girgiza daron a hankali, kamar mai auna gari.

"Da ɗan saura," ta raɗa.

Suka ja shi da baya, dugadugansa na tsaga yashi. Ba su tsaya ba sai gindin bishiyoyin kwakwa. A nan teku ya saki ƙara gaba ɗaya, igiya ta taso ta share murhun, da kular, da sifikar.

Ekuwa ta kai wa innarta ɗanta da rai, ba takalmi, yana kuka kamar ɗan yaye. Yatsunta biyu har yau ba sa lanƙwasuwa sosai.

Akra dai bai koma ba, don can ma akwai teku. Aka tura shi Tamale wurin wani kawunsu, inda ruwa mafi girma shi ne kududdufi. Sauran ranakun mako lafiyarsa ƙalau, har cika bakin ya ɗan dawo. Amma duk Talata kawun na kulle shi a ɗaki, a ba shi bokitin ruwa da gishiri kofi guda, don in ba gishiri ruwan ba ya wuce masa.

Talatar da ta wuce da yamma ya kira Ekuwa. Ta ɗauka da niyyar ta zage shi ta kashe.

"Yaya," ya ce. Bai taɓa kiranta haka ba. "Kina bakin ruwa ne?"

"Ina kicin. Me ya faru?"

A bayan numfashinsa, can cikin wayar, ta ji igiyar ruwa tana dukan ƙofa.