Tukunyar da Ta Dahu a Gidan Makoki

Ƙarfe tara na safiyar Talata Sufeto Otabek ya isa cibiyar binciken gine-gine da ke Tashkent, yana kakkaɓe ƙanƙara daga hularsa. Injiniya Gulchehra ce ta kira 'yan sanda, kuma kallo ɗaya ya isa a gane hankalinta ba ya jikinta.

"Me aka ɗauke, Injiniya?"

"Akwati ɗaya, Yallaɓai. Na'urori goma ne a ciki."

Ta yi masa bayani a gurguje. Akwai wani tsohon bene mai gida arba'in da sanyi ke cin mutanensa duk shekara. Ta sa an liƙa 'yar na'ura a kowane gida, suna rubuta lokacin da aka buɗe taga ko ƙofa, aka kunna murhu ko hita. Da wannan ta gina benen a kwamfuta, har da halin mazaunansa, don nuna wa hukumar gari cewa gyara yake so, ba rushewa ba. Jibi kwamiti zai zo ya gwada na'urorin da rahotonta. In babu su, magana ta mutu.

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a taɓa kwaɗon ba. Akwatuna huɗu ne na na'urorin da aka ciro daga benen, ɓarawon ya tsallake uku ya ɗauki na huɗu. Ɓarawo mai zaɓe kenan.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Davron. Amma cire shi a lissafi, tare muka yi makaranta. Shekara ashirin muna aiki, 'ya'yana ma Kawu suke ce masa."

Davron ya shigo da butar shayi, fuska duk jimami. Ya ce gidaje goman da aka ɗauke na'urorinsu shi ke kula da su, duk wata yana zuwa ya sauya batir ya kwashe bayanai.

"Duk wata?"

"Ko sau ɗaya ban fasa ba, Yallaɓai. Ni dai ina zargin mai shara."

Mai shara ba ta da makulli, wata ƙafarta ma a ɗaure take tun makon jiya. Sufeto ya karɓi takardun rahoton ya nufi benen.

A gida na talatin da uku wata tsohuwa, Inna Muhabbat, ta zaunar da shi a kan shimfiɗa, ta gutsura masa burodi tun kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Inna, kin san mai zuwa duba na'urar nan?"

"Mai gashin baki? Sau biyu na gan shi, ɗana. Ran da ya liƙa ta, da ran da ya ɓamɓare ta. 'Yar fitilarta ma ta mutu tun kafin Malam maigidana ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Yaushe ne?"

"Bakwai ga Janairu. Kwana uku ƙofar nan a buɗe, mutane kamar kasuwa. Maƙwabta suka yi ta kawo mana abinci, Allah ya saka musu."

Sufeto ya ajiye kofin. Ya buɗe takardun, ya bi layin Janairu da yatsa, sannan ya yi mata sallama.

Da azahar ya tara su biyun a ofis, ya tura wa Davron shafin.

"Karanta mini gida na talatin da uku, bakwai zuwa tara ga Janairu."

"An kunna murhu safe, rana da yamma. Ƙofa a rufe. Daidai yake da na kowane gida."

"Ranar mai gidan ya rasu. Davron, a garin nan wa ke ɗora tukunya a gidan makoki kafin kwana uku?"

Gulchehra ta jawo shafin tana dubawa.

"Kwamfuta ba ta san an yi mutuwa ba," in ji Sufeto. "Kai ma ba ka sani ba, don ba ka je ba. Ina akwatin?"

"Yana bayan motata." Muryarsa ta yi ƙasa. "Hawa tara ne, Yaya Gulchehra, ga lif a lalace. Na fasa wata ɗaya, na fasa biyu, batir ya mutu. Sai na sa kwamfuta ta cike gurbin. Na ce ai mutane duk ɗaya ne, wa zai gane? Da kwamiti ya buɗe na'urorin, zai tarar babu komai a ciki."

"Mutane duk ɗaya ne?" Ta miƙe tsaye. "Aikin nan gaba ɗaya don a nuna ba ɗaya ba ne! Ka zauna a teburina, ka ci shinkafata, kana kallona ina sa hannu a kan ƙarya. Da ka ce ka gaji, wallahi da ni zan hau benen."

Sufeto ya yi wa wani ɗan sanda alama. Ɗan sandan ya sa wa Davron ankwa, ya tisa ƙeyarsa zuwa mota.

Abin ya yi wa Sufeto ciwo, duk da ya saba gani. Ya ce za a dawo mata da akwatin gobe.

"Ku riƙe shi, ba komai a ciki." Ta ɗauki rigar sanyinta. "Gida arba'in na yi wa alkawari ba za a rushe musu bene ba. Gara su ji daga bakina cewa rahoton ya lalace."