Reshen Tsamiyar Malam Hammadu

Da hantsi malamin daji ya kawo ƙara caji ofis. An sare reshen tsamiya a gidan Malam Hammadu na unguwar Gwallaga, ba takarda. A Bauchin zamanin En'e, ko a tsakar gidanka tsamiya take, sai da izini za ka taɓa ta. In ba a gano mai laifi ba, mai gida ne zai gurfana gaban alƙali.

Sufeto Mansir ya hau kekensa, sai gidan Malam Hammadu. Ya tambaye shi ko shi ya hau ya sare.

"Ranka ya daɗe, ni da ko jaki sai an ɗora ni?" in ji tsohon.

Sufeto ya ɗaga kai. Reshen ya ƙetare katanga ne, kuma ta can aka sare shi, gidan da Elisha kafinta yake haya.

"Ni na yanke," in ji Elisha da Sufeto ya zagayo gidan, tun ba a tambaye shi ba.

"Da me?"

"Da zarto."

Sufeto ya shafa bakin reshen. Sara ya fi ashirin, wani nan wani can, kamar ɓera ya ci rogo.

"In haka kake aiki, Allah ya tsare masu zama a kujerunka."

A gindin katanga ga turmi a kife, ɓawon tsamiya a kansa. Sufeto ya dubi Dorcas, matar Elisha, goye da jaririya.

"Uwargida, wa ya taka turmin nan?"

Ta gyara goyonta. "Ni ce. Da adda na sare. Gara ta cinye cikinsa. Shekaranjiya wani guntu ya faɗo kan tabarmar da nake kwantar da yarinyar nan, na ɗauke ta ke nan. Sau uku ina gaya wa Baba Hammadu, yana cewa a jira takarda. Ita gara takarda take jira?"

Sufeto ya sa yatsa cikin reshen, ya zaro shi da jar ƙasa. Shi ma yana da mai rarrafe a gida.

"Doka doka ce, za ki bi ni. Elisha, saɓi reshen nan, alƙali ya ga cikinsa da idonsa."

Malam Hammadu ya leƙo yana laluben sandarsa. "Ku jira ni. Sakacin nawa ne, da bakina zan faɗa."

Dorcas ta ja ƙofa. "Mu yi sauri, ranka ya daɗe. Na jiƙa wake."