Kar Kowa Ya Motsa

Magariba ta rufa, wani mai ɗaukar hoto yana cikin tsohuwar masaƙar da aka rufe tun yana yaro. Matarsa ta bugo waya: "Baban yara, wai kangon nan gadonka ne? Dawo gida!"

"Saura hoto ɗaya," in ji shi.

Ya kafa kyamara tsakanin injinan da tsatsa ta cinye. Ko'ina ƙwas-ƙwas yake ji, ya ɗauka ɓeraye ne. Da yake ya daɗe yana ɗaukar hoton taro, sai bakinsa ya suɓuce: "To, kar kowa ya motsa!"

Nan take wurin ya yi tsit. Warin jiƙaƙƙiyar auduga ya taso.

Daga cikin duhun gabansa muryar wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ja da baya kaɗan. Ba dukanmu muka shiga ba."