Tsargiyar da Tantance Ba Ta Gani

Barau ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin. Na'urar ta yi 'yar ƙara kamar ta sauro, ta tsiyayi ɗigon jini, kafin ya janye hannun har fitila ta kawo kore.

"Babu tsutsa, babu ƙwai," in ji muryar na'urar. "Lafiyarka ƙalau."

Karo na tara ke nan. Ya juyo ya dubi ƙanwarsa, Dakta Asabe, wadda ita ce ta ƙera na'urar, mai suna Tantance, shekara goma sha huɗu da suka wuce.

"Auta, yau ma da jini na yi fitsari. Wallahi kamar ana zuba mini barkono."

"Yaya, Tantance ba ta kuskure," ta ce, amma a takalminta idonta yake.

Birnin Tafki an gina shi ne bisa ruwa, gidaje a kan ginshiƙai, gonakin shinkafa a ƙarƙashinsu. A da tsargiya ta addabi mutanensa, don tsutsarta a jikin katantanwa take girma, ta fito ta huda fatar duk wanda ya taka ruwa. Sai Asabe ta gano wani sinadari da tsutsar ke saki cikin jini, ta koya wa na'ura shinshino shi. Aka kafa Tantance a kowace tashar jirgin ruwa da ƙofar makaranta. Wanda ta nuna wa ja, akwatin magani ya buɗe masa. Cikin shekara goma ja ya ɓace ƙaf, aka yi shelar cewa cutar ta ƙare, aka rufe ɗakunan awo, aka rufe masana'antar maganin.

Barau kuwa, mai kula da injinan ban ruwa ne, kullum ƙafarsa a cikin tabo. Wata bakwai yana ramewa. Likitoci suka ce tsakuwar ƙoda ce, daga baya suka ce damuwa. Asabe da bakinta ta ce ya rage tunani.

Ranar da ta ga ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ta karɓi fitsarinsa a kwalba, ta hau jirgin safe zuwa tsohuwar unguwa, gidan Malama Kande, wadda ta koyar da ita awo tun tana ɗaliba.

Tsohuwar ta jawo madubin duba ƙwayoyin cuta daga ƙarƙashin gado, ta goge shi da gefen zani. Ta bar fitsarin ya kwanta, ta ɗiga abin da ya taru a gindin kwalbar a kan gilashi, ta daɗe tana murza madubin.

"Zo ki gani, 'yar nan."

Asabe ta sunkuya. Ga su nan birjik, ƙwayaye dogaye, kowanne da 'yar ƙaya a gindinsa. Ta fara ƙirgawa, ta kai sittin, ta daina.

"Malama, sau tara na gwada shi."

"Me na'urar taki take nema?"

"Sinadarin da tsutsar ke fitarwa."

"Duk tsutsa ce ke fitar da shi?"

Sai Asabe ta tuna. A gwajin farko, cikin kowace tsutsa dubu akan sami ɗaya ko biyu da ba sa fitarwa. Ta rubuta hakan a ƙasan shafi, ta wuce. Shekara goma suna kashe waɗanda na'ura ke gani, suna share wa sauran fili. Ta zauna a ƙasa.

Kwana shida aka yi kafin a samo maganin daga wata ƙasa. Barau ya sha, tsutsar ta mutu, amma ƙodojinsa sun riga sun lalace. Ya rasu ranar wata Laraba bayan la'asar. Maganar ƙarshe da ya yi mata ita ce ta je ta duba abokan aikinsa, su ma suna ɓoye fitsarinsu don kada a ce sun ƙaryata na'ura.

Bayan addu'ar uku ta tsaya gaban majalisar birnin, ta faɗi komai, har da abin da ta rubuta a ƙasan shafi.

"To, a gyara na'urar mana, Dakta," in ji shugaban majalisar.

"Ranka ya daɗe, sai an koya mata sabuwar alama. Kafin nan sai mutum ya duba da idonsa, ya ware mai cuta da marar cuta."

"Mutum nawa gare mu da suka iya?"

"Uku. Ɗaya ya makance. Ɗaya Malama Kande ce, ta tsufa, ni kuma kafin wannan karon rabona da madubi shekara ashirin."



Washegari aka kai Malama Kande babban asibiti a keken guragu. Kwalabe sun cika tebur, sun gangara baranda, jirage na ta sauke wasu. Tsohuwar ta gyara tabarau, ta ce in hannunta bai yi rawa ba za ta iya duba arba'in a rana. Asabe ta jawo kujera kusa da ita, ta miƙa mata ta farko. Mutum miliyan huɗu ne a birnin.