Notin Ƙoshiya

Ran da Munzali ya fara ganin Khuzaima, tana durƙushe ƙarƙashin dogon keken da take ɗinka bargon amare da shi, a zauren gidansu na Birnin Kudu, sai tsaki take ja.

"Kai ne mai gyaran daga Gwaram? Don Allah duba min. Sama sumul, ƙasa kamar sheƙar ɓera!"

Ya zaro ƙoshiya, gidan zaren ƙasa, ya riƙe bakin zaren ya girgiza. Ko gezau. Ya sassauta ɗan notinta, ɗinki ya miƙe ciki da bai. Ta yi masa murmushi, bawan Allah ya tafi ya bar sukundirebarsa.

Bayan kwana uku zare ya sake cukurkuɗewa. Ya zo ya gyara. Ya sake lalacewa, ya sake zuwa. Kafin zuwa na biyar ya koma ce mata Zumata, ita kuma Injiniyana.

Inna Kubra, mahaifiyarta, wadda ta yi shekara talatin tana taka keken ƙafa, ta ce ba da ita ba.

"Sau biyar keke bai gyaru ba? Ko bai iya ba, ko da gangan yake yi don ya samu hanyar zance. Ko wanne ne, ba zan kai maganarsa gaban Babanki ba."

Ranar Khuzaima ta yini tana farke ɗinki da reza har yatsunta suka yi tsami. Haushi ya ishe ta, ta tura masa saƙo:

"Wallahi na gaji. In wasa kake da sana'ata, faɗa min mu rabu lafiya."

Ya amsa: "Zumata, ban taɓa yi miki wasa ba. Gobe kafin ki karya, leƙa zaure. Bakina ba zai iya faɗa ba."

Da safe ta leƙa. Sai ga Inna da wuƙar yanka albasa, tana ɗaure notin ƙoshiya tamau, tana mita: "Yaran yanzu, komai sako-sako."

"Inna! Ashe ke ce?"

"Ni ce me? Taya ki nake. Nawa keken haka yake so."

"Ai wannan ba irin naki ba ne, Inna. In kin matse ƙasa, janyo zaren sama yake yi!"

Inna ta sa aka kira Munzali. Ya tsuguna bakin ƙofa, kai a sunkuye.

"Ka sani?"

"Tun zuwana na biyu, Inna. Na ga shatin wuƙa a kan notin."

"Kana ji ina ce maka mayaudari, ka yi gum?"

"Gara a ce ban iya ba, da in ce Inna ta yi kuskure a gaban 'yarta."

Kunya ta kama Inna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ciki ta ce, "Tashi ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Bargon amarya Inna ce ta ɗinka da hannunta a dogon keken, ba ta taɓa noti ba. Ranar kai amarya Gwaram Inna ta juya bayan bargon gaban mata, ko zare ɗaya bai fito ba.

Ta damƙa wa Khuzaima wuƙar nan.

"Ungo, albasa kawai za ki yanka da ita. Yadda ya rufa min asiri, Allah ya rufa muku naku."

Mata suka ce amin, guɗa ta tashi.