Faifai a Kan Na'urar Auna Rana

Ranar wata Laraba Mas'udu ya hau soron Malam Bappa a Bakura, ya kafa wata na'ura mai kan gilashi. Da ya juyo zai sauko, sai ya ga Nazifa, ɗiyar mai gidan, ita ce riƙe da tsanin.

Aikinsa auna hasken rana ne. Alƙaluman da masu zanen gini ke sa wa kwamfuta na wani gari ne mai nisa, shi ya sa ajujuwan da ake ginawa a nan ko duhu ko tanda. Yana son ranar Bakura ta shekara guda, ba tsallaken yini, da wanda zai riƙa goge gilashin kowace safiya. Nazifa ta ce za ta iya.

Daga Mafara yakan rubuto: "Hasken idona, nawa rana ta ba mu yau?"

Ita kuma: "Abin da ta ba kowa, Malamin Rana. Ka karya kuwa?"

Malam Bappa bai so wannan soyayyar ba. Ya ce bai ga sana'a ba wajen mai awon abin da Allah ya raba kyauta. Imrana ya fi kwanta masa a rai, mai gonar albasa a Bakolori, wanda ake iya ɗura aikinsa a buhu.

Cikin bazara na'urar ta yi kwana uku tana nuna duhu da tsakar rana. Mas'udu bai tambayi dalili ba, ya aika: "Na ba ki amana kin wofintar. Da albasar Imrana ce da kin kula."



Da ya zo, ya tarar da faifai kife a kan gilashin, an danne da dutse. Nazifa ta tafi suna Maradun tun ranar farko, mahaifiyarta Inna Larai ce ta hau da kanta.

"Kayan baƙo cikin wannan rana?" in ji Inna. "Mi za mu ce maka in ya narke?"

Kunyar abin da gidansa ya ɓata ta sa Malam ya kira ɗiyarsa, ya tambaye ta wa take so. Ta sunkuyar da kai ta ce mai rana.

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka raba goro, tsofaffi suka yi ta fatan Allah ya ba da zaman lafiya. Allah kuwa ya bayar. Mas'udu ya yanka mata taga daidai da awon Bakura, haske har bakin gado, babu zafi.

Ramin kwana ukun da ke cikin awonsa ya cike shi da ƙiyasi cikin yini ɗaya. Ba ta haƙuri kan saƙon nan kuwa ya bar shi sai wata rana, don namiji ne mai ilimi, ita kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Shekara huɗu tagar ta haska ta. Bayan sadakar bakwai ɗin rasuwarta ya buɗe wayarta, ya ga saƙon yana nan, ba ta goge ba.

Kalma uku ce bai faɗa mata ba: "Nazifa, yafe mini."