Shirun da Rabilu Ya Ƙi Karɓa

"Gafara dai, Madan... to, daga nan sai aka yi yaya da su?"

Na juya a firgice, alli ya suɓuce daga hannuna. Wani dogon saurayi ne a bakin tagar ajina, hularsa a karkace, hannunsa duk taɓo, yana riƙe da damin dashen albasa. 'Yan matan aji suka kwashe da dariya.

A shekarar 1970 ne. Ban daɗe da dawowa daga jami'ar Dakar ba, ina koyar da tarihi a kolej ɗin garinmu, Birnin Konni. Ran nan ina ba su labarin matan Amirka, yadda suka yi shekara da shekaru suna neman a bar su su jefa ƙuri'a kamar maza. Na zo daidai inda wasunsu suka je ƙofar fadar shugaban ƙasarsu suka tsaya, riƙe da ƙyallaye masu rubutu. Ruwa ya dake su, ƙanƙara ta sauka a kansu, ba su ce uffan ba.

"An kama wasu an kai kurkuku," na ce, idona a ƙasa. "Can ma suka ƙi cin abinci. A 1920 aka ba su haƙƙinsu."

"Kai! Duk da shiru?"

"Shirun nasu na nufin ba su yarda ba."

Ya jinjina kai kamar wanda aka ba magani ya haɗiye. "Sunana Rabilu, malamin gona, ɗan Dogarawa. An turo ni in yi wa lakwal ɗinku, wato makarantar nan, lambu. Amma wallahi darasinki ya fi albasa."

Lambun ya daɗe da kamawa, Rabilu bai daina zuwa duba shi ba. Daga baya ya koma zuwa ƙofar gidanmu da la'asar, ya jingine babur ɗinsa, a shimfiɗa masa tabarma. Shi ke magana, ni ke saurare. Na lura yana gyara hula idan zai yi wasa, yana cire ta gaba ɗaya idan maganar ta zuci ce.

"Tsahara, baƙaƙen matan can fa? Su ma sun samu tare da sauran?"

"A takarda dai. A kudancin ƙasar an yi ta tare musu hanya, sai 'yan shekarun nan."

"Ke in kina maganar matan nan, muryarki har bayan katanga. In na ce ya gajiya, sai in kasa kunne kamar mai jin tafiyar tururuwa!"

Na rufe fuskata da mayafi ina dariya. A kan mutanen da ban taɓa gani ba ina iya magana har rana ta faɗi. A kan kaina kuwa, harshena nauyi yake yi.

Ni ce ɗiyar fari a gidanmu. Inna Balki ba ta kama sunana, Baba Chindo kuma ba ya zama hira da ni. Shi ya sa da Rabilu ya aiko da maganar aure, Gwaggo Awa, ƙanwar Baba, aka turo ɗakina.

"Ke 'yar Dakar, mai albasar nan na son ki. Kina son shi?"

Na sunkuyar da kai, ina wasa da bakin zanena. Gwaggo ta leƙa fuskata, sai ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse a tsakar gida. A wurinmu, budurwa ta yi haka, kowa ya san ta amince.

Washegari Rabilu ya zo da fara'a. Can ya cire hula ya ajiye a kan tabarma.

"An ce kin yarda, hasken idona. Amma ina son in ji daga bakinki. Kina so na?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe! Ba abin da ya fito.

"Tsahara...?"

Na ƙura wa hular ido, kunnuwana na zafi. Ya jira, ya sake jira. Na ga murmushinsa yana dushewa a hankali.

"Na gane," ya ce da sanyin murya. "Irin na matan bakin ƙofa ne ke nan."

Kafin in fahimci abin da yake nufi, ya tada babur ya tafi.

Gwaggo ce ta faɗo ɗakina bayan kwana biyu tana tafa hannu.

"Mun shiga uku! Angonki ya zauce! Ya je har gona wajen Yaya, wai shi ba ya turo magabatansa sai ya ji E daga bakinki. Wai ke da kanki kika koya mashi cewa mace na iya yin shiru don ba ta yarda ba!"

"Gwaggo, ai wannan a Amirka ne!"

"To nan Amirka ce? Yaya ya ce mashi, 'Ni na haife ta, na ce ta yarda, maganata ba ta ishe ka ba?' Shi ko ya duƙa ya ce, 'Baba, ka gafarce ni, ba kai za ka zauna da ni ba.' Ai ko Yaya ya fusata, ya ce ya tafi ya nemi mai baki!"

Ta ƙara da abin da ya tsinka mini zuciya. Tun kwanaki buronsu, wato ofishin aikin gona, ya so mayar da Rabilu Difa, can ƙarshen gabas, ya roƙa a bar shi saboda ni. Yanzu ya amsa zai tafi. Ranar Laraba, ranar kasuwa, zai zo ya yi wa Baba sallama ya hau mota.

Safiyar Larabar na zauna a gindin turmi, idona ya kumbura. Inna na daka, ba ta kalle ni ba. Da taɓarya take magana.

"Wasu dai an kai su Dakar sun koyo magana, sun baro ta can."

"Inna... in na shiga zaure gaban Baba na faɗi haka, zai ce ba ni da kunya."

"Zai ce," ta ce wa taɓaryar. "Ba ya mutuwa."

"Mutane fa?"

"Mutane za su raka ki Difa?"

Sai ga ƙarar babur a waje. Na ji sallamarsa, na ji Baba ya amsa a daƙile. Na miƙe. Na tuna matan nan da 'yan sanda suka ja a ƙasa. Ni ba mai ja na. Labule ne kawai tsakanina da zaure.

Na ɗaga shi.

Baba na zaune a kan buzu yana jan carbi. Rabilu na durƙushe, hula a hannu, ya rame. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Wa ya kira ki?" in ji Baba, yana kallon bango.

"Ba kowa, Baba."

"To mi ne ne?"

"Ina... ina son shi."

Ni kaina da ƙyar na ji. Rabilu ya ɗago kai da sauri. Baba ya sa hannu a bayan kunne.

"Mi tac ce? Yaro, kai ka ji wani abu? Ni dai tsufa ya toshe mani kunne."

"Baba, kamar na ji..."

"Ban da kamar! Kai ka ce sai ka ji da kunnenka. To ni ma sai na ji da nawa!"

Na ɗago ido a karon farko na kalli mahaifina. Gefen bakinsa na motsi, yana danne dariya. Wani ƙarfi ya taso mini daga ciki, na yi amfani da muryar da nake koyarwa da ita.

"Ina son Rabilu, Baba! Na yarda in aure shi! Ko Difa ne zan bi shi!"

Bayan labule Gwaggo ta saki guɗar da ta sa jakin maƙwabta ya amsa. Hular Rabilu ta faɗi ƙasa. Hawaye na zuba a fuskarsa, yana dariya.

"Alhamdu lillahi... Tsahara, farin cikina... Difar mi? Yau zan koma buro in roƙe su, ko da rarrafe!"

"Kai, rufe mani baki, gaban surukinka kake!" Baba ya daka masa tsawa, amma dariya ta ci ƙarfinsa. Ya goge ido da hannun riga. "Ashe wagga ɗiya na da murya haka. Allah shi yi maku albarka. Ka turo manyanka."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Sai ya ɗaga murya wajen tsakar gida.

"Balki!"

Dakan ya tsaya. "Na'am, Malam?"

"Ke lokacin da anka kawo maki maganata, mi kika ce?"

"Wa ya tambaye ni? Kaina na duƙar, anka yi guɗa."

"To... yau na tambaye ki. Kin yarda?"

Gwaggo ta toshe baki da gyale.

"Sai na yi shawara," in ji Inna, ta ci gaba da dakanta.

An bar Rabilu a Konni. Aka sa biki bayan an cire albasa. Duk tsawon lokacin nan Baba bai sake tada maganar ba, amma na lura ya fara sayo wa Inna tsire ranar kasuwa, har da wani turmin atamfa daga Ilela, ya ce wai ya gan shi ne kawai a hanya.

Ranar ɗaurin aure da safe ina zaune a ɗaki, lalle a hannuna, ƙawayena na ta tsokanata. Ta ƙofa na hango Baba yana naɗa rawani zai fita wurin maza. Inna ta zo ta durƙusa ta miƙa masa ƙwaryar fura.

"E," ta ce.

"E mi?"

"Tambayar da ka yi."

Baba ya tsaya da ƙwarya a hannu, rawanin ya warware ya zubo masa a kafaɗa. Daga waje ana ta kiransa, liman ya iso, jama'a na jira.

"Su jira," ya ce, ya zauna kusa da ita. "Ɗauko ludayi biyu."